LAFIYA UWAR JIKI: Hanyar Da Maganin Ciwon Daji Yake Bi Ya Fita Daga Jiki

Garin Michika yana gindin duwatsun Mandara ne, arewa da Mubi, ba nisa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Mutumin garin da Allah ya jarraba da ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, ba a ƙofar gidansa yake samun magani ba. Sai ya yi guzuri ya kama hanya, ko dai ya nufi Yola, tafiyar da ta haura kilomita 200, ko Maiduguri, ko Gombe, wani lokaci ma har Shika ta Zariya. Can za a kwantar da shi, a rataya masa ƙarin ruwa, a zuba maganin nan mai ƙarfi da likitoci ke kira kemoterafi, jama'a kuma suka gajarta suka ce kemo. Cikin 'yan sa'o'i an gama, an zare allura, an rubuta masa ranar komowa bayan mako uku. Tun da yake zaman birni kuɗi ne, kashegari da sassafe yana tasha yana neman motar gida.

To, a nan gizo yake saƙar. Likita ya ga shigar magani da idonsa, amma fitarsa ba a gabansa ake yin ta ba. A cikin mota ake farawa, tsakanin Song da Gombi da Hong, a ƙarasa a gida, cikin masai, ko fo, ko tsummokaran da matar gida ko 'yar mara lafiyar za ta wanke da hannunta. Kwanakin nan biyu zuwa bakwai da ke biye da ƙarin ruwan su ne kwanakin da hanta da ƙoda suke ɗauke da kaya mafi nauyi, kuma su ne kwanakin da mara lafiya ya fi nisa da wanda ya san abin da ke gudana a cikinsa. Abin da ya sha a cikinsu, da abin da ya ƙi sha, yana iya zama sanadin samun sauƙinsa, yana kuma iya zama sanadin ajalinsa.

Al'amarin kuwa ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin shekarar 2022 kaɗai mutum 127,763 ne suka kamu da ciwon a Nijeriya, 79,542 kuma suka rasu, sankarar mama ce kan gaba. Da yawa ba su isa asibiti sai ciwo ya ci jiki, lokacin da wuƙar likita ita kaɗai ba ta wadatarwa, dole sai an haɗa da kemo.

Ya kamata mai karatu ya san asalin wannan magani, domin daga asalinsa ake gane halinsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi amfani da wata iska mai guba a fagen fama, likitoci kuma suka lura cewa waɗanda suka shaƙe ta ɓargonsu yakan lalace, fararen ƙwayoyin jininsu su ƙare. A 1942 wasu masana biyu na Jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka ce abin da ya iya cinye fararen ƙwayoyin jini na mai lafiya, ai zai iya cinye na mai ciwon dajin kaluluwa. Aka gwada wani ɗan'uwan gubar nan a jikin wani mara lafiya, ƙarin da ya cika masa wuya ya narke, ko da yake daga baya ya komo. A 1948 Sidney Farber na birnin Boston ya ba da labarin yara masu ciwon dajin jini da suka sami sauƙi na ɗan lokaci da wani magani dabam. Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kamfala, ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashe masu yawan zazzaɓin cizon sauro, daga bisani kuma aka gano cewa ƙarin yana narkewa da kemo cikin 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tabbatar da haka shi ne Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, kuma a 1972 yana cikin waɗanda aka ba lambar girmamawa ta Lasker a Amurka saboda wannan aiki, tare da shi Burkitt ɗin.

Watau dai maganin nan guba ce da aka auna. Aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin halittar da suke saurin hayayyafa, sai dai ba shi da idon da zai bambance na ciwo da na jiki. Gashin kai, da fatar cikin baki, da ta hanji, da ɓargon da ke ƙera jini, duk masu saurin hayayyafa ne, saboda haka su ma sukan sha kashi. Hikimar duka ita ce maganin ya zauna a jiki gwargwadon da zai yi wa ciwon illa, sa'an nan ya fita tun bai yi wa mai jikin illar da ba ta gyaruwa ba. Shi ya sa ba a zuba shi da ka. Sai an auna tsawon mutum da nauyinsa an lissafa faɗin jikinsa, sai kuma an ɗebi jininsa an duba lafiyar hanta da ƙoda da yawan ƙwayoyin jini, kafin kowane zagaye. Mara lafiyar da yake ganin awon jinin nan wata dabara ce ta karɓe masa kuɗi, bai san cewa da shi ake sanin ko ƙofofin fita a buɗe suke ba.

Yadda magani ke raguwa a jini yana kama da abin da ke faruwa idan an zuba shuni a randa. A kwashe rabin ruwan a cika da mai tsabta, launi ya ragu da rabi. A sake, ya koma rubu'i. In an yi haka sau biyar, abin da ya saura kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai. Lokacin da jiki yake ɗauka ya rage rabin magani shi masana ke kira rabin rai, kuma kowane magani da nasa. Na fuloroyurasil minti goma ne zuwa ashirin. Na saiklofosfamaid sa'a uku zuwa goma sha biyu. Na doksorubisin yana kaiwa kwana ɗaya zuwa biyu. Duk wannan lissafi kuwa an yi shi ne a kan hanta da ƙoda masu lafiya. In ɗayarsu ta gaza, randa ce da aka daina kwashewa alhali ana ci gaba da zuba shuni.

Hanta ita ce maƙerar jiki. A cikinta akwai wasu sinadarai da ake kira inzayim, ƙananan ma'aikata ne da suke sassaƙa magani su juya shi ya zama abin da zai iya bin fitsari ko ruwan maɗaci ya fita. Amma abin mamaki, wani maganin hantar ce take tashinsa daga barci. Saiklofosfamaid, wanda ake ba masu sankarar mama da masu ƙarin nan na Burkitt, yana shiga jini ne ba shi da dafi, sai hanta ta taɓa shi sa'an nan ya rabu biyu. Kashi ɗaya ya tafi yaƙi da ciwon, ɗayan kuma, wanda ake kira akirolin, ba shi da wani amfani sai ɓarna. Ƙoda takan tace shi ta tura shi mafitsara, in ya daɗe a can yana kwance sai ya ƙona bangonta har ta yi jini. Dalilin da ya sa ke nan ake so a ba da maganin da safe, mara lafiya ya yi ta shan ruwa, ya yi ta zagayawa, kada kuma ya kwanta barci da cikakkiyar mafitsara. In adadin da aka bayar mai yawa ne akan haɗa da wani magani mai suna mesna, wanda ke kama akirolin a cikin fitsarin ya kashe masa kaifi.

A nan akwai wani tarko da ya shafi mutanen karkara. Wanda ya tashi yana wanka a rafi ya saba ganin jini a fitsari, sunansa tsargiya, a wurare da yawa ma ba a ɗauke shi ciwo ba. Irin wannan mutum in ya ga jini bayan kemo sai ya ce tsohuwar tsargiyarsa ce ta motsa, ya yi shiru. Ga kuma wani ruɗanin ta ɗaya ɓangaren. Doksorubisin, wanda sau da yawa ake haɗa shi da saiklofosfamaid a rana ɗaya, ja ne wur kamar zoɓo, kuma ɗan kaɗan da ke bin ƙoda yakan rina fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Wannan launi ne kawai, ba jini ba ne, amma ya isa ya firgita gida guda in ba a gaya musu tun da wuri ba, har a ce asibiti ta fasa wa mutum ciki, a hana shi komawa. Bambancin ba shi da wuya. Jan magani yana zuwa nan da nan, ba zafi, yana kuma dusashewa har ya ɓace kafin kwana uku. Jan da ya zo da raɗaɗi, ko da gudaji, ko ya wuce kwana uku, jini ne, kuma na komawa asibiti ne.

Babbar hanyar doksorubisin dai ba fitsari ba ce. Hanta ce ke zuba shi cikin ruwan maɗaci, ya gangara hanji, ya fita da bayan gida a hankali cikin kwanaki. Saboda haka mai shawara, wanda idanunsa suka yi rawaya, dole a rage masa adadin ko a ɗaga ranar, domin rawayar ido alama ce ta cewa magudanar ta toshe. Wannan magani yana da wani hali kuma da ya kamata a riƙe. Ko bayan ya fita, yakan bar tabo a tsokar zuciya, tabon kuma taruwa yake yi zagaye bayan zagaye. Likitoci suna da iyakar da ba su son jimlar abin da mutum ya sha a tsawon rayuwarsa ta wuce, tsakanin miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Mutumin da ya fara magani a Maiduguri, kuɗi suka yanke, bayan shekara ya sake ɓullowa a Yola ba tare da takardarsa ta farko ba, ya bar sabon likita cikin duhu, domin zuciya tana riƙe da lissafin da shi ya manta.

Binkiristin, wanda aka samo daga wani ɗan fure na tsibirin Madagaska, shi ma ta hanta da maɗaci yake fita. Illarsa a jijiyoyi take: yatsu su yi ta tsitstsira, ƙafa ta mutu, ciki ya ɗaure. Akwai magungunan da suke riƙe hannun ma'aikatan hantar da ke sarrafa shi, irin su ketokonazol da itirakonazol da ake sha domin cututtukan fata, da ritonabir da ke cikin wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. In an haɗa su, binkiristin yakan taru ya yi ɓarna. Rifamfisin na masu tarin fuka kuwa akasin haka yake yi, zuga ma'aikatan yake yi su yi ta sauri, har wasu magungunan dajin su fita tun ba su gama aiki ba. Wani abin sha'awa shi ne, yawancin baƙar fata suna da wani inzayim mai sarrafa binkiristin wanda yawancin Turawa ba su da shi, kuma binciken da aka yi a kan yara masu ciwon daji a Kenya ya nuna cewa illar jijiyoyin nan ba ta cika kama su ba.

Sai dai gado ba kullum yake ba da sa'a ba. Fuloroyurasil, da ɗan'uwansa na haɗiya mai suna kafesitabin, waɗanda ake ba masu dajin hanji da na mama, fiye da kashi 80 cikin 100 nasu inzayim guda ɗaya ne ke rushe shi, har wani sashe ya fita ta numfashi ya zama iskar da ba ta cutar da kowa. Akwai mutanen da aka haifa da ƙarancin wannan inzayim, ba su sani ba, ba kuma abin da zai nuna sai ranar da aka ba su maganin. Adadin da wani zai sha ya tashi ya tafi gona, su sai ya kwantar da su da gudawa mai tsanani da gyambon baki da ƙarewar jini. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya sami wannan ƙaranci a kashi 8 cikin 100 na baƙaƙen fatar da aka auna, alhali a fararen fata bai kai kashi 3 ba. A 2020 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a riƙa auna mutum kafin a fara ba shi. Inda awon bai samu ba, abin da ya rage shi ne sa ido. Wanda ya fara kafesitabin a gida ya ga zawo ya ƙi tsayawa, ko baki ya ɗaye tun a kwanakin farko, ya ajiye ƙwayar ya nemi likitansa a ranar, kada ya ce zai daure ya ƙarasa fakiti don an saye shi da tsada.

Ba a gama maganar hanta ba sai an ambaci ciwon hanta nau'in B. Ƙididdigar da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2018 ta nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar, yawancinsu ba su sani ba. Kemo yana raunana garkuwar da ta danne ta, sai ta farka ta afka wa hantar a daidai lokacin da ake bukatarta. Awonta ba shi da wuya, akwai kuma maganin da ake ba mai ita ya riƙa sha ya tsare shi. Wanda ba a auna shi ba yana da haƙƙin ya tambaya.

Ƙoda kuwa matata ce. A kowace rana ƙodoji biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Metotireksat ya dogara da su kusan gaba ɗaya, domin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa yana fita a fitsari yadda ya shiga, cikin yini da kwana. In fitsari ya yi kaɗan, ko ya yi tsami, maganin yakan daskare a cikin siraran bututun ƙodar kamar yadda gishiri ke daskarewa a gindin tukunya, ya toshe hanyar da shi kansa zai bi. Shi ya sa in za a ba da mai yawa ake kwantar da mutum, a yi ta ɗura masa ruwa haɗe da wani gishirin asibiti mai kashe tsami, a kuma bi shi da wani magani mai ceton ƙwayoyin jiki. Kada wani ya ji haka ya ce ai ruwan kanwa ma yana kashe tsami. Na asibiti da awo ake yin sa, ana duba fitsarin lokaci lokaci, kanwa kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinta balle adadinsa. Haka nan mai ruwa a ciki ko a ƙirji, maganin yakan shiga ruwan ya ɓuya, ya riƙa tsattsafowa cikin jini kwana da kwanaki, don haka akan zuƙe ruwan tukuna.

Babban abokin gabar mai shan metotireksat yana kan kantar kemis. Mutum ya iso gida jikinsa duk ciwo saboda magani da girgizar mota, ɗansa ya ruga ya ce a ba shi na ciwon jiki. Mai kemis, da kyakkyawar niyya, ya ƙulla masa ibufurofen da diklofenak, wataƙila har da asfirin. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna kuma tare ƙofar da metotireksat yake bi. Septrin, wanda ake sha kamar gyaɗa domin tari da zawo, shi kuma yana ƙara masa dafi a kan ɓargo. An sha rasa rayuka ta wannan haɗi a ƙasashe da dama, ba kuwa don an ba da kemo fiye da kima ba.

Sisfilatin, wanda ake yawan ba masu sankarar bakin mahaifa, daga ƙarfen filatinam aka yi shi. Barnett Rosenberg ne ya yi tuntuɓe da sirrinsa a 1965 yana wani bincike dabam, aka kuma amince da shi a Amurka a 1978. Yana da ƙarfi, amma yana cin ƙoda da jijiyar ji, shi ya sa ake ɗura wa mutum ruwa lita lita kafin a ba shi da bayan an ba shi. Fitarsa a hankali take, abin da ke fita cikin kwana biyar na farko bai kai rabi ba, har an taɓa samun burbushin filatinam a jinin mutane shekara ashirin bayan sun warke. To, a dubi matar da aka sallama a Yola cikin watan Afrilu, rana tana dukan mota, ga tashin zuciya, ga tafiyar sa'o'i. Kunya ba za ta bar ta ta ce direba ya tsaya ta kewaya a gaban maza ba, saboda haka tun daga tasha ta ƙudura ba za ta sha ruwa ba sai ta isa. Kafin ta kai Bazza ƙodarta ta yi yini guda a bushe, a ranar da ta fi kowace rana bukatar ruwa. In ta iso tana amai aka kira mai allura ya yi mata jentamaisin, to an haɗa mata masu cin ƙoda biyu a lokaci guda. Wannan kunya ba ta da wurin zama a nan, kuma aikin wanda ya rako ta ne ya yi magana da direba tun kafin mota ta tashi. Yankin arewa maso gabas dama an daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a cikinsa, musamman wajen Gashuwa da Nguru, saboda haka ba kowa ne ke zuwa da cikakkiyar matata ba. Ga masu raunin ƙoda akan koma ga kabofilatin, wanda tun 1989 ake lissafa adadinsa bisa ƙarfin ƙodar mutum, da ƙa'idar da Hilary Calvert na Ingila ya fitar. Mai niyyar azumi kuma, Musulmi ne ko Kirista, ya shawarci likitansa, domin kwanakin da ke biye da ƙarin ruwan ba na ƙishirwa ba ne, addini kuwa bai rufe wa mara lafiya ƙofar sauƙi ba.

Akwai kuma masu cewa maganin Bature ya yi zafi, a kawo jiƙo ko sassaƙe a wanke shi daga jini. Babu saiwar da aka tabbatar tana fitar da kemo. Abin da maganin wankin ciki yake yi shi ne ya sa zawo, zawo ya ƙarar da ruwan jiki, ƙoda ta rasa abin aiki, maganin da ake so a kora ya ƙara samun wurin zama. Wasu saiwoyin ma hantar ce za ta bar aikin da ke gabanta ta koma kansu. Ruwa mai tsabta, da kunu, da koko, da romo, su ne wankin da jiki yake nema, sai fa wanda likita ya taƙaita wa shan ruwa saboda zuciya ko ƙoda.

Tun da yake magani yana fita ta fitsari da bayan gida da amai, har da ɗan kaɗan a gumi, masu jinya ma suna da nasu rabon kiyayewa na aƙalla sa'a 48, wasu magungunan har mako guda. Littattafan Turai suna cewa a rufe murfin masai a kora ruwa sau biyu. Mai masan rami ba shi da wannan damuwa, ramin ya wadatar, muddin dai can ake zubawa, a wanke bakinsa da ruwa da sabulu, a rufe. Abin gudu shi ne zagayawa bayan gida a fili, inda yara ke wasa kaji ke tono, ko juye fo a kwata. Namiji ya tsuguna in zai yi fitsari don kada ya fantsama. Mai kwashe amai ko wankin zanen da ya ɓaci ta sa safar hannu ta roba, in babu ta zura hannu a leda mai kauri, ta wanke su dabam da kayan gida, nesa da bakin rijiya, ba a rafi ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa a ɗauke mata wannan aiki. Amma fa kada a wuce gona da iri. Ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, cin abinci a kwano ɗaya da gaisawa da zama a tabarma ɗaya ba su da wani haɗari. Ware mara lafiya a ɗaki shi kaɗai kamar mai kuturta zalunci ne da ba shi da hujja a likitance.

Mai goyo dole ta yaye, domin magungunan nan suna shiga nono. Ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba a kwanakin farko, su kuma guji ɗaukar ciki har sai an gama magani da watannin da likita ya ƙayyade.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne, magani yakan fita amma aikinsa yana nan. Gashi ba ya zuba sai bayan mako biyu ko uku. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna kaiwa ƙarshen raguwarsu ne tsakanin kwana 7 da 14, lokacin da mutum yake ganin ya tsallake. Wannan ne dalilin tazarar mako uku tsakanin zagaye da zagaye, a ba ɓargo dama ya farfaɗo. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan tsakani ba a ce masa cizon sauro ne a sha Panadol a lulluɓa. Jikin da ba shi da sojoji, ƙwayar cutar da ba ta kai ta kawo ba tana iya gama shi a dare ɗaya. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada in an kwatanta da kuɗin mota, kuma asibiti mafi kusa ake nufa a daren, ba a jira ranar komawa Yola ba.

Duk lissafin nan yana tsayawa ne in abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne a cikinta. Wani bincike da aka buga a 2025, wanda ya auna magungunan ciwon daji da aka tattaro daga Kamaru da Habasha da Kenya da Malawi, ya sami kusan ɗaya cikin shida ba su da adadin da aka rubuta, wasu sun gaza, wasu sun zarce. Mutanen kan iyaka, waɗanda kaya ke shigo musu ta kowace kusurwa, su ne suka fi cancantar jin wannan. Maganin kemo ba abin saye a hannun ɗan kasuwa ba ne don ya fi araha. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, domin sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ya soma ne da asibitoci shida, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe shi ne na arewa maso gabas, na Jami'ar Ahmadu Bello kuma na arewa maso yamma. Mabukaci ya tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin da yake zuwa.

Michika ta sha wuya. 'Yan Boko Haram sun mamaye ta a watan Satumba na 2014, sojoji ba su ƙwato ta ba sai a Janairun 2015, jama'a suka komo suka tarar da ɓarna mai yawa. Ba wanda zai ce a gina mata cibiyar ciwon daji gobe. Amma awon ƙwayoyin jini da na ƙoda da na hanta ba su fi ƙarfin babban asibitin ƙaramar hukuma ba, kuma da ana yin su a gida a aika wa likitan Yola ko Gombe da sakamako ta waya, da an rage tafiyar banza, an kuma kama ƙodar da ta fara gazawa tun da sauran gyara. Su kuma manyan asibitocin, kada a sallami mutum sai da takarda a hannunsa, da Hausa, mai ɗauke da sunan kowane magani da aka zuba masa, da adadinsa, da ranar, da magungunan da aka hana shi, da lambar wayar ɗakin da aka yi masa jinya. Takardar nan ita zai miƙa wa mai kemis kafin a ƙulla masa komai, ita kuma zai miƙa wa ma'aikacin jinyar da ya tarar a bakin aiki ranar da zazzaɓi ya tashe shi da tsakar dare.